Sarakunan Indiya a Bakin Bokiti

Lokacin korona, da aka rufe otal ɗin da muke shara, mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Najma, can ƙasar Larabawa. Gadon da ke saman nawa na wata 'yar Indiya ce mai 'ya'ya biyu a gida. Jarrabawar aikin koyarwa take son ci don ta koma wurinsu. Ta taɓa faɗuwa sau ɗaya, tarihi ne ya kayar da ita.

Ni sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ba na wasa da littafi. Na ƙwace nata, na ce, "Sauko, 'yar nan. Yau ni ce malama."

Da guntun Turanci da guntun Larabci ta ba ni labarin wata tsohuwar daularsu. Wai wani saurayi ne, da wani malami mai ƙullaci a bayansa, ya kori sarkin zamaninsa ya kafa ta. Da ya tsufa sai ya sauka daga mulki, ya bi masu gudun duniya, ya daina cin abinci har ya mutu.

Na ce, "Duk wahalar nan, abinci ya samu, sai ya ƙi ci?"

"Mama, ibada ce!"

"Khalas, ya isa. Na gaba."

Ɗansa ya hau, sannan jikansa. Shi jikan ya yi wani mugun yaƙi, ya ga gawarwaki, ya yi nadama, ya sa aka sassaƙa wa'azi a jikin duwatsu, har da cewa a tausaya wa dabbobi.

Na ce, "Wato sai da ya gama da mutane ya tuna da awaki."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba ni da kunya. Labarin ta san shi sarai, shekarun ne ba sa zama a kanta. Sai na yi mata yadda malamarmu ta yi mana da lissafi, na zuba su a waƙa. Kullum da hantsi ina buga bokiti tana amshi, sauran huɗun suna tsine mana.

Ta tafi gida gab da fara ƙwallon duniya, gari duk tutoci. Bayan watanni sai ga saƙon murya, tana ihu: ta ci. Wai sau biyu mai sa ido a ɗakin jarrabawa ya zo ya hana ta kaɗa tebur.

Na yi mata barka, na kuma gaya mata gaskiya: wadda aka sa a gadonta minshari take yi, kuma ko sarki ɗaya ba ta sani ba.