Tsoho Arzika da Akwati Mai Ƙaho Huɗu

Duk wanda ya san kakana Arzika, mahaƙin rijiyar nan na Filinge, ya san ba ya sayen abu sai ya ɗora shi a tafin hannu ya ji nauyinsa. Takalmi ne, tocila ce, agogo ne, sai ya ɗaga shi, ya rufe ido ɗaya, ya girgiza a kunne. In abin ya yi masa sakayau sai ya ajiye ya ce, "Wanga babu kowa ciki." Shi ke nan, ciniki ya mutu. Mai sayar da rediyo a kasuwar Lahadi har rufe kayansa yake da buhu in ya hango hularsa. Ni ce jikarsa Rabi, wadda yake ce wa Amarya, ni kuma in ce masa Tsoho. Wallahi tun da nake ban ga mai taurin kai irinsa ba, kuma na sha faɗa masa haka a gaban idonsa, ba sai yau da ba ya nan ba.

Abin ya faro ne shekarar da matarsa, Inna Tamo, ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. Ta koma kwance a ɗakinta na can ƙuryar gida. Autarsu, Gwaggo Zainabu, tana aure a Kwatano, ga tsohon ciki, ba halin tafiya. Inna ba ta roƙon komai, ita dai a nuna mata fuskar Zainabu. To ɗakin nan kuwa waya ba ta kama rezo, wato sabis, ko kaɗan. Sau ɗaya muka ɗauko ta a tabarma zuwa tsakar gida don a yi kiran bidiyo. Tana ganin maƙwabta sun zubo mata ido sai ta fashe da kuka, ta ce in muka sake ɗaukarta kamar buhun hatsi ba ta yafe ba. Ranar Tsoho bai ci tuwo ba.

Mijin Gwaggo ya ce a nemi akwatin wifi, irin wanda ake sa wa katin waya a ciki, ya kamo rezo ya raba wa gida. Na ce zan je Yamai in sayo.

Tsoho ya ce, "Ke? Ke da kinka sawo mini butar da iska yat tahi da ita?"

Haka na shiga mota da shi, ina ƙunƙuni har muka isa.

Mai shagon wani Bazabarme ne mai haƙurin gaske, Allah Ya saka masa. Ya jera mana akwatuna uku: ƙarami na aljihu mai batir, matsakaici mai ƙaho biyu, da babba mai ƙaho huɗu. Tsoho ya ɗaga ƙaramin, ya girgiza. Ya ɗaga na biyun. Ya ɗaga babban. Sai ya juyo ya harare ni kamar ni na ƙera su.

"Amarya, tashi mu tahi. Duk babu kowa ciki."

Na ce, "Tsoho, don girman Allah, wannan ba gatari ba ne!"

Mai shago ya yi dariya ya ce, "Baba, zauna. Faɗa mini abin da ke gidanka tukun."

Na lissafa masa: sabuwar talabijin da surukin ya aiko, wadda ake kallon fim da kokowa a kanta ta intanet, kwamfutar aikina, wayoyin matan gida, da tsohuwar wayar Inna wadda aka ɗaure da roba. Ya ce to ƙaramin ba zai iya ba, talabijin kaɗai za ta shanye shi. Ya ce babban yana da hanyoyi biyu. Ɗaya tana da sauri, ita ta dace da talabijin, amma ba ta nisa. Ɗayar tana tafiya a hankali amma tana kai wa nesa, ita tsofaffin wayoyi ke ganewa.

Tsoho ya gyara zama. Ya ce, "Yanzu kam ka fara magana. Baki nawa ka sha lokaci guda?"

Mai shago ya ce sun fi talatin.

"Hmm. Kowa rijiyatai shi ka yabo. Ni sai na ga garke ya sauka kanta."

Kafin in ce mene ne wannan, tsohon nan ya fita bakin titi yana ɗaga sanda. Ya kira masu kabu-kabu, ya kira mai shayi, ya kira wasu 'yan makarantar lekol da ke wucewa, har wata mai tallan ƙuli. Ya ce kowa ya shigo ya buɗe bidiyo a wayarsa, kyauta ne. Shago ya cika maƙil, wannan na kallon ƙwallo, wancan na kallon wa'azi, mai ƙuli na kallon rawar biki. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, don kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka gwada ƙaramin, nan take hotuna suka tsaya cak. Tsoho ya tafa hannu yana dariya, ya ce, "Ta ƙahe!" Mai ƙaho biyu ya ɗan yi ƙoƙari sannan ya fara shaƙewa. Mai ƙaho huɗu ya ɗauke su duka. Tsoho ya biya, amma sai da ya gaya wa mai shago cewa ya faɗa wa masu ƙera shi su riƙa sa ko ɗan dutse a ciki, don mutum ya san ya sayi abu.

Muka dawo Filinge. Na je wurin aiki na dawo, na tarar matan gida sun yi cirko-cirko, kowa na ɗaga waya sama, ba komai. Na ce ina akwatin? Aka nuna mini kwanar gida, inda ruwan sama ke taruwa. Tsoho ya tona ɗan rami, ya sa shi a ciki, ya kife masa kwanon ƙarfe saboda kaji.

Na ce, "Inna lillahi! Tsoho, me ka yi?"

Ya ce, "Ke mi kinka sani? Na gina rijiya tun daga Kurfey har Tondikandiya. Duk abin kirki gangare shi ka bi, shi taru ƙasa."

Na ce wannan ba ruwa ba ne. Ya ce in ba ruwa ba ne me ya sa ya ƙafe a Yamai? Muka yi ta sa-in-sa har na gaji, na fizge akwatin na ɗora a saman rumfa, wajen da ke fuskantar eriyar gari. Wayoyi suka fara ƙara ko ta ina. Ya ɗaga kai ya dube shi, ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe tsuntsu na. Shi Bazabarmen nan bai hwaɗi ba." Ko kusa bai ce na fi shi gaskiya ba. Har ya koma ga Allah laifin na mai shago ne.

Sai rigimar lambar sirri. Na gaya masa kada ya ba kowa. Ya ce to. Kwana biyu sai ga ƙofar gidanmu ta koma kamar tasha, samari sun jeru jikin bango, har Malam Gado, tsohon jandarman da ke maƙwabtaka da mu, ya fito da kujerarsa. Ashe duk wanda ya yi sallama Tsoho sai ya karanta masa lambar, kamar yana raba goron suna.

Na ce, "Ba na ce ka ɓoye ba?"

Ya ce, "Ni Arzika in hana mutum sha? Har Fulani da ban san sunansu ba sun shayar da shanu ga rijiyata. Sai yau da tsufana?"

Amma da la'asar, lokacin da Gwaggo ke kira, sai hoto ya tsaya, bakinta a buɗe, ba magana. A nan ne Tsoho ya ga ta inda karamcinsa ya ci shi. Washegari ya fito da babban faifai da sandarsa, ya zauna a zaure. Ana sallame la'asar ya ce kowa ya kashe waya ya ajiye a faifai, yanzu layin tsohuwa ne. Malam Gado ya ce shi fa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba a karɓar masa waya.

Tsoho ya ce, "Ko raƙumin sarki na, in ba layinai ba shi jira. Aje!"

Ya ajiye kuwa, yana tsaki.

Duk da haka ba a gama ba. Wifi yana kai wa bakin ƙofar Inna, amma a kan gadonta sai ya ɓace. Sai dai wata ta tsaya a ƙofa riƙe da waya, Inna tana jin murya, fuskar kuwa idonta ba ya kai wa. In aka shigar da akwatin ɗakin, shi ma ba ya kama rezo. Bangon ƙasa ne mai kaurin tsiya, Tsoho da kansa ya gina shi yana saurayi, kullum yana alfahari cewa ko harsashi ba ya huda shi. Na ce masa, "To ga aikinka nan, ya hana matarka ganin ɗiyarta." Na faɗa ne cikin fushi, kuma na ga maganar ta shige shi.

Da safe muka ji ƙum, ƙum, ƙum. Na fito da gudu. Tsohon da gwiwa ta hana shi ruku'u sosai, ga shi a kan turmi, riƙe da dagin da rabonsa da shi tun ina 'yar firamare, yana saran bango daidai saitin rumfa.

Inna daga ciki tana ihu da rabin bakinta, "Arzika, ka haukace? Ƙasa na zubo mini cikin kwanoni!"

Shi kuma yana haki yana cewa, "Yi kurum, tsohuwa. Na huda dutsen Damana, bango na zai gagare ni?"

Na ce ya sauko a kira magini. Ya ce magini zai yi masa kusurwa huɗu kamar tagar kurkuku. Ya ɓata yini guda, ya fitar da rami zagayayye sumul, ya shafe bakinsa da laka kamar bakin rijiya, ya sa raga saboda ƙadangaru. Da la'asar ta yi na miƙa wa Inna waya a kan gadonta. Fuskar Gwaggo ta fito tar. Inna ta kai hannunta mai lafiya tana shafa gilashin, tana cewa, "Kin rame, Zainabu. Ba ki cin abinci?" Ni kam kuka na yi, ba zan ɓoye ba. Tsoho yana bakin ƙofa ya juya baya yana faɗa da akuya, akuyar da ba ta yi komai ba.

Kun dai san yadda yake son kokowa, mutumin da in ana kokowa ko kiran abinci ba ya ji. Ranar karon ƙarshe na ƙasa an fito da talabijin tsakar gida, unguwa kaf tana nan, har kan katanga. 'Yan kokowa sun shiga fili, sun kama juna, ɗaya ya ɗaga ƙafar ɗaya. Daidai nan wayar Inna ta yi ƙara, na leƙo na ce Gwaggo ta haihu, suna kira daga asibiti amma hoton na yankewa. Tsoho ya miƙe, ya taka a hankali, ya zare wayar talabijin daga bango.

Kai, jama'a! Tsakar gida ta kaure da ihu. Malam Gado ya jefar da hularsa yana cewa, "Arzika, ka ji tsoron Allah! Wa ya ka da wani?"

Tsoho ya ce, "Gobe ku ji ga rediyo. Ku kawo wayoyi."

Inna ta ga jikanta tun ba a yi masa wanka na biyu ba. Ta yi ta dariya tana cewa kunnen Arzika ne sak, Allah Ya agaji yaro. Malam Gado kuwa ya yi sati ba ya amsa gaisuwarmu.

Da damina ta faɗi zazzaɓi ya kwantar da Tsoho, muka ga jikin ba irin na da ba ne. Ya ƙi asibitin Yamai, ya ce ya je garin sau ɗaya ya isa. Abu guda ya roƙa, a shimfiɗa masa tabarma a ɗakin Inna, gefen gadonta. Mutumin da tun tasowata ɗakinsa na zaure, ko zama ba ya yi a ɗakin mata. Na tsokane shi na ce, "Tsoho, soyayya ce ta tashi da tsufa? Ni Amarya an yar da ni?"

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ke raba ni da shirme. Nan rezo ya fi kyau."

Sai Inna ta sauko da hannunta mai lafiya daga kan gado, ya riƙe. A haka Gwaggo ta same su da ta kira ran nan. Ta ce Baba ka yafe mini, ya ce ya yafe, ita ma ta yafe masa. Ya ce, "Zainabu, kada ki bar tsohuwag ga ta yini ba ta ga huskarki ba. Kin jiya?" Ta ce ta ji. Washegari da hantsi ya cika, hannun nan bai sake shi ba sai da muka raba.

Allah Ya jiƙan Tsoho Arzika. Ya shayar da mutane da dabbobin da bai san adadinsu ba, Allah Ka shayar da shi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka yafe masa gardamarsa, Ka ba Inna Tamo haƙurin kallon wajen da tabarmarsa take. Amin.