Gwaggo Mai Tafireta da Baitin Takalmi

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matattakalar bene, daura da asibitin sojoji. Teburi ɗaya ne da kujera biyu da fanka mai ƙara, sai tafiretarta da take lulluɓewa da tsohon zane in ta tashi. Takardar neman aiki, ta koke, ta sayar da gida, duk ta buga. Mace ce mai tsoro, kuma ba ta ɓoyewa. Ko titi za ta tsallaka sai ta jira wani ya fara.

Ɗa ɗaya gare ta, direban tankar ruwa ne a soja. A shekara ta biyu da fara yaƙi aka aiko ta je ta karɓi kayansa: agogo, bargo, da takalminsa an goge shi yana ƙyalli. Aka miƙo mata takarda ta sa hannu. Ta yi sati biyu a gida, ta koma shago.

Wata shida bayan haka wani soja da ake yi wa magani a asibitin ya fara zuwa. Kofur kowa ke kiransa. Yatsu uku na hannun damansa sun tafi, ba ya iya riƙe biro. Ranar farko ya daɗe a tsaye kafin ya ce, "Mama, kina buga waƙa?"

"In dai da baƙaƙe ake rubuta ta, ina bugawa. Zauna."

Ya rufe ido ya karanto daga ka, tana bugawa:

Mun tashi mu goma sha biyu da safe,
An dafa shayi, bai ishe mu ba.
Da yamma an dafa na sha biyun,
Ya ishe mu, har da saura.

Gwaggo ta ce hannunta ya tsaya a kan madannai. Ita waƙoƙin yaƙin da ta sani na rediyo ne, masu zuga maza da kiran abokan gaba karnuka. Wannan kuwa babu jarumi a ciki, babu maƙiyi, ko kalmar mutuwa babu.

"Me ya sa ba ka faɗi kai tsaye cewa an kashe su ba?"

"In na faɗa, mai sauraro zai ce Allah ya ji ƙansu, ya wuce. In na bar shi da ragowar shayin, shi zai ƙirga da kansa."

Duk Laraba, in an wanke masa ciwo, sai ya biyo. Waƙoƙinsa a kan ƙishirwa suke, da ƙwarkwata, da wani kurtu da ke kiran uwarsa cikin barci. Yakan maimaita layi ɗaya a farko da ƙarshe, sai ka ji na ƙarshen ya yi nauyi alhali kalmomin ba su sauya ba. Gwaggo ta fara sa baki. Takan ce wannan layin ya yi tsawo, numfashi ba zai kai ba, ya yi dariya ya ce ashe malama ya samu a kuɗin bugu.

Wata Laraba ya kawo waƙar takalmi, ya karanto layi biyu:

An kawo takalmi an aje a ƙofa,
An goge shi fes, an ɗaure igiya.

Nan ya maƙale. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, babu wanda ya zauna. Sai aka leƙo aka ce likita na nemansa, ya fita. Gwaggo ta ce ba ta san lokacin da yatsunta suka ƙarasa ba:

Sun ɗauki ƙafa sun maido takalmi,
Sun ce mu sa hannu mun karɓa.

Ya dawo ya karanta. Ta kai hannu za ta yage takardar, ya riga ta ɗauka ya ninke ya sa a aljihu.

Ba a yi wata ɗaya ba waƙar ta fita daga asibiti. Wani ya kwafa, wani ya sake kwafa, har aka manna ta a bangon tashar mota. Ni da kaina na gan ta a can, kuma na gane bugun Gwaggo tun daga nesa, domin harafin "r" na tafiretarta yana ɗan hawa sama da sauran. Da na gaya mata, sai ta zauna a ƙasa, a tsakar ɗaki, da mayafinta a jiki.

"Kowa a unguwar nan yana da takarda mai wannan harafin," ta ce.

Ranar Litinin da hantsi mutum biyu cikin farin kaya suka zo shagon. Sun gaishe ta da ladabi. Ɗaya ya naɗe tafiretar da zanenta ya rungume, ɗayan ya ce ana son ganinta gobe ƙarfe tara a ofishin tsaro. Ranar ba ta ci komai ba. Ta kira ni ta nuna min inda takardun gida suke, ta ba ni makullin akwatinta, ta ce in ba ta dawo ba kada kowa ya je tambaya.

Na raka ta, aka tsayar da ni a bakin ƙofa. Abin da ya faru a ciki daga bakinta na ji. An zaunar da ita a benci a wani dogon baranda har azahar, babu wanda ya ce mata kanzil. Can ƙarshen barandar akwai ƙofar ƙarfe, duk sanda aka buɗe ta sai ta ɗauka ita za a shigar. Daga baya aka shigar da ita wurin wani jami'i mai farin tabarau, sa'an ɗanta. Waƙoƙin Kofur duka suna gabansa, an ja layi da jan biro a wurare da yawa.

"Sannu Mama. A kawo miki ruwa?"

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Kafin in shiga wannan aikin adabi na karanta, saboda haka kada mu wahalar da juna. Wannan sojan ya iya waƙa. Ba ya zagi, ba ya kuka, kaya yake jerawa, shayi, bargo, igiyar takalmi, ya bar su su yi magana. Kin lura da haka?"

"Ni bugu kawai nake yi, ranka ya daɗe."

Ya juyo takardun ta gabanta. "Waƙa goma sha huɗu. A cikinsu duka cewa yake an kawo, an dafa, an binne. Bai taɓa cewa wane ya yi ba, kamar abin daga sama yake faɗowa. Sai a nan." Ya ɗora biro a kan layin. "Sun ɗauki. Sun maido. Sun ce. Mai cewa an, baƙin ciki yake yi. Mai cewa sun, yatsa yake nunawa. Su wa, Mama?"

Gwaggo ta sunkuya ta dubi layin.

"Kuskuren bugu ne. Idona ya yi rauni."

"Sau uku a layi biyu?" Ya buɗe wani fayil siriri. "Kin karɓi kayan ɗanki a watan bakwai na bara. Ga sa hannunki."

Ta kalli sa hannun nata. Ta ce a lokacin ta so ta faɗi gaskiya, ta buɗe baki ma, amma abin da ya fito shi ne, "Shi ya karanto min. Abin da ya faɗa na buga."

Jami'in ya dube ta ta saman tabarau, ya rubuta wani abu, ya ce ta je gida, za a neme ta.

Washegari aka ɗauke Kofur daga gadon asibiti. Kwana goma sha tara Gwaggo ba ta je ko shago ba. In mota ta tsaya a layinmu sai ta miƙe ta ɗauki mayafi ta tsaya tana jira. Tsoro biyu ne ke cin ta: kada a zo a tafi da ita, da kuma abin da ake yi wa ɗan mutane saboda maganarta. Sau biyu ta sa takalmi za ta je ta faɗi gaskiya, sau biyu ta dawo daga bakin titi.

A rana ta ashirin da la'asar aka yi sallama. Kofur ne, ya rame, yana jan ƙafar hagu. An sallame shi daga soja ba tare da haƙƙinsa ba. Gwaggo ta durƙusa a gabansa, shi ma ya yi saurin durƙusawa.

"Ɗan nan, ni na ce kai ne."

"Na sani, Mama. Sun karanta min. Ni ma abin da na ce musu ke nan."

"Don me?"

"Ke ba za ki iya ɗakin can mai ƙofar ƙarfe ba. Kuma a duk waƙoƙin, layin nan biyu sun fi kyau. Wa zai yarda a ƙwace masa su?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ba a maido tafiretar ba, ba a kuma sake neman Gwaggo ba, amma ba a taɓa ce mata maganar ta wuce ba. Ta mayar da shagon na sayar da ambulan da biro da littattafan rubutu. Kofur ya samu gadi a wani gidan ajiye kaya, ya yi aure, ya ci gaba da waƙa a ka, bai ƙara yarda an rubuta masa ko layi ba sai da yaƙi ya ƙare da shekara shida.

Daga baya wani malamin jami'a ya tattara waƙoƙin ya yi littafi a kansu. Ya zo neman Gwaggo don ya ji yadda aka buga su, tana jin tsayawar motarsa ta shige banɗaki ta kulle, sai da na ce masa ba ta nan. A littafin ya cika shafi huɗu yana bayanin yadda mawaƙin ya yi haƙuri da "an" har waƙa goma sha uku da rabi, sannan ya saki "sun" a daidai inda za ta fi ciwo, ya ce wannan ita ce ƙololuwar gwanintarsa. Kofur ya kawo mana littafin da kansa yana ta murmushi, ya ce in karanta mata wurin. A lokacin ta haura saba'in, idon ya tafi da gaske. Ta gyara zama, ta ce in fara rufe taga, kuma in karanta a hankali.