Wa Zai Zuba wa Malam Babila Ruwa?

Ku da kuka zauna da Malam Isyaku a unguwar Darrasa, can ƙasar Misirawa, kun san ba a hirar minti biyar da shi bai ce, "Ai mutanen Babila..." ba. Ko kukan tsadar tumatir ka yi, sai ya gaya maka yadda suke dafa wa gumakansu abinci safe da yamma, su ja labule kada a ga gunki yana ci, sannan a kwashe kwanukan a kai wa sarki. Yana gamawa sai ya tofar da yawu gefe ya ce, "A'uzu billahi! Allah Ya raba mu da shirka." Shi ya sa muka sa masa Malam Babila. Daga Gumel ya zo karatun tafsiri, ya iso ayar da ta ambaci Babila, ya ce bari ya ɗan leƙa ya ga su wane ne. Leƙen nan shekara talatin! Bai koma gida ba, bai yi aure ba, ba ɗa ba jika. Abin yana cinsa a rai, dariya kawai yake rufe shi da ita.

Da ƙyar muka taɓa jansa zuwa dalar Giza. Muna isa ya juya mata baya, ya buɗe littafi.

Na ce, "Haba Malam, daga bangon duniya ake zuwa kallon abin nan!"

Ya ce, "Habibu, kabari ne fa. Mutanen Babila da tubalin laka suka yi tasu hasumiyar, irin na ganuwar Kano, don abin bautarsu ya sami wurin sauka. Ɓata ne, amma ɓatan masu karɓar baƙi. A'uzu billahi!"

Da muka jeru ɗaukar hoto, ya ga ashe dalar za ta fito a bayansa, sai ya juya don ya ba mai hoto ƙeya. Sai ga shi ido da ido da dala! Wallahi runtse ido ya yi har aka gama.

Wata Babbar Sallah muka yanka rago a gidanmu na haya a unguwar Abbasiya. Ana fito da hanta ya karɓe, ya sa tabarau, yana juya ta.

"Bokayen Babila da wannan suke duba. Kun ga tsagin nan? A wurinsu, gari zai ci wuta ke nan. Kada wanda ya taɓa ta."

Muka yi tsuru-tsuru. Can sai ga ƙamshi daga baranda. Muka leƙa, Malam ya gasa hanta, ya barbaɗa yaji, saura loma biyu.

"Malam, ba ka ce da masifa ba?"

"Ƙaryar bokaye ce. Ina ƙaryata su ne a aikace, ku kuma shaidu."

To, gari bai ci wuta ba, amma hayaƙi ya turnuƙe shanyar Hajja, mai gidan, da ke saman bene. Muka ji takunta tana saukowa tana zabga masifa. Malam ya cire hularsa ya kifa mini a ka.

"Habibu, idan aka yi husufi, mutanen Babila sukan ɓoye sarki, su ɗora wani talaka a karaga, masifa ta ƙare a kansa. Allah Ya ja zamaninka!"

Ya shige banɗaki ya murza makulli. Hajja ta banko ƙofa tana neman babba a cikinmu, 'yan'uwa kuwa, marasa amana, duk suka nuna mai hula. Na sha zagi da Larabcin da ba ya cikin ƙamus, ina ta ba ta haƙuri da "ma'alish, ya Hajja". Da ta tafi ya fito ya karɓi hularsa.

"Gode wa Allah. Su can, in an gama, kashe shi suke yi."

Sau ɗaya na ji ya ba da labarinsu bai yi dariya ba. Yana kwance a asibiti, na miƙa masa ruwa, ya riƙe kofin ya ce, "Sun ɗauka matattu ƙura suke ci a ƙarƙashin ƙasa, sai mai ɗa ne ake zuba wa ruwa, a kira sunansa. Wanda bai bar kowa ba, ƙishi har abada." Sannan ya ce, "Mu addu'ar ɗa nagari aka ce mana. Ni wa zai kira nawa sunan?" Har yau tambayar nan tana yi mini ciwo.

Bayan rasuwarsa muka yi yadda Misirawa ke yi wa mamatansu: muka kafa na'urar ruwan sanyi a bakin titi, kusa da shagunan littattafan da yake wuni, da kofi ɗaure da sarƙa. Muka rubuta da Larabci: sadaka ga Ishaƙ al-Babili. Jiya na ga wani dattijo mai tura amalanke ya sha, ya karanta, ya ɗaga hannu ya ce Allah Ya jiƙan wannan Ishaƙ, bawan Allah ɗan Iraƙi, tunda Babila a can take. Ɗan Gumel fa! Na buɗe baki zan gyara, sai na fasa, don na san da Malam ya ji, sai ya yi mako yana taƙama.

Malam, ga amsarka: duk mai ƙishi a Darrasa yana kiran sunanka. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara, shan da babu ƙishi bayansa. Amin.