Waƙar da Ta Fita Neman Gawa

Duk garin Kitwe babu wanda bai san Winford Katongo ba, ko yana so ko ba ya so. Samartakarsa kaf a wata ƙungiyar kiɗan rok ya yi ta, yana dukan jitar lantarki, gashi buzu-buzu, ga ƙarar da sai kunnenka ya wuni yana kuka. Wansa Mwaba yana can ƙarƙashin ƙasa yana haƙar tagulla, shi ke riƙe da gida. Uwarsu, Bana Mwaba, busasshen kifi take sayarwa, amma da waƙar makoki aka san ta. In aka yi mutuwa a unguwa, ita ke ɗauko waƙa mata su amsa.

Da ƙungiyar ta watse, Winford ya aske gashi, ya sayi hular kaboyi, ya ce zai yi faifansa na farko shi kaɗai da jitar katako, rabi kiɗan kaboyin Amurka, rabi na ƙauye. Mwaba ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kaboyi ko akuya babu! To, Allah ya ba da sa'a."

Waƙa ɗaya ta rage faifai ya cika, kuma ya san inda take. Uwarsa tana da wata da ta tsara wa kanta, wadda za a rera a kan gawarta. A zuriyarsu ba a ɗaga murya da irin wannan waƙa sai da mamaci a kwance. Tun yana yaro yake jin tana gunguninta in tana daka. Bai tambaye ta ba, don ya san amsar. Ya tafi Nairobi ya naɗo faifansa, har da waƙar a ciki.

Faifai ya karɓu, sai dai ba a kula sauran waƙoƙin ba, wannan ɗin kowa ke nema. Ranar da Bana Mwaba ta fara jin ta a rediyon maƙwabta tana tuƙa tuwon masara. Ta ajiye muciya.

"Winford, wa ya mutu?"

"Haba Mayo uwata, waƙa ce fa. Har a Lusaka rawa ake da ita."

"Rawa? Ka sake ta ta fita neman gawa, ɗan nan, kuma ba ta dawowa hannu rabbana. Gidan nan kaɗai ta sani."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Daga ranar, duk safiyar da Mwaba zai tafi rami sai ta tsaya bakin ƙofa har ya ƙule. Ran nan jiniyar mahaƙar tagulla ta yi ƙara, ta watsar da kifinta ta ruga ba takalmi. Ashe gwaji ake yi. Da ta dawo ta shimfiɗa tabarma kusa da katangar da rediyon ke bayanta, Winford ya ji tana yi wa waƙar magana ƙasa-ƙasa.

"In ɗauka za ki yi, ga ni nan, ni ce mai ke. Ki bar min yaro."

Ta rage cin abinci, daga baya ta daina. Tsoro ya kama Winford sosai. Ya roƙi gidan rediyo su daina saka ta, ya bi shaguna yana kwashe faifansa, ya farfasa na gida. Ina! Magana zarar bunu ce, balle waƙar da ta shiga bakin 'yan giya. Mwaba ya shaƙe shi a tsakar gida.

"Kai ka sake ta, je ka kamo ta mana, kaboyi!"

Kafin damina ta tsaya Bana Mwaba ta cika. Likita ya ce ciwon zuciya ne, ba wanda ya yi masa gardama.

Mata suka cika gida, suka zauna kewaye da gawa, shiru. Winford ya durƙusa gaban babbarsu.

"Don Allah ku ɗauko mata waƙarta. Kowa ya iya ta ai."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa.

"Shi ya sa. Waƙar da aka taka rawa da ita ba ta raka gawa."

Haka aka ɗauki matar da ta raka mamatan unguwa duka da muryarta, babu mai rera mata komai. Hanyar maƙabarta ta gaban mashaya ta bi. Winford na riƙe da gefen akwati ya ji muryarsa tana fitowa daga cikin mashayar da waƙar uwarsa, ana tafi. Wani ya leƙo, ya ga gawa, ya koma da gudu ya kashe waƙar.