Mutumin da ke Bayan Tankin Ruwa

Almakashi ake kiransa, don tun yana saurayi aikinsa ke nan a lambun shaƙatawa na ƙaramar hukuma: aske shingen furanni, ya daidaita musu kai kamar wanzami. Har gida halin ya bi shi. Matarsa kan ce ko tsintsiya ya gani bakinta bai daidaita ba, sai ya datse ta.

Wanda ya koya masa aikin wani dattijo ne, tsohon shugaban ma'aikatan lambun, da kowa ke kira Baba. Da Baba ya yi ritaya aka yi masa 'yar walima a gindin mangwaro, ya ce zai koma wajen ɗansa, aka raka shi bakin ƙofa da jakarsa. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa.

Da aka yi sabon shugaban sashe, ya zagaya lambun, ya ga surƙuƙin da ke bayan tankin ruwa, ya ce a share shi. Almakashi ya shiga da adda da hantsi. Yana cikin sara sai addar ta daki kwanon rufi. Ya yaye ganye, ya ga ƙofa an ɗaure ta da waya.

Ɗan ɗaki ne, da tabarma da buta da tukunya bisa duwatsu. Tsohuwar rigar aiki na rataye a ƙusa. Mai rigar yana zaune a kusurwa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito.

Addar ta suɓuce daga hannun Almakashi.

"Ka yi sallama mana," in ji tsohon.

"Baba, kai ne? Ina ɗan naka?"

"Ya sayar da gidan kafin in isa, ya bar gari. Na rasa inda zan nufa, ƙafata ta dawo da ni nan."

"Kullum fa ta nan nake jan tiyo."

"Ina jin tarinka. Ka rage taba."

Almakashi ya zauna daɓas a ƙasa. Abokan aiki suka taru, kowa ya riƙe baki. Shugaban sashe ya leƙa ciki, ya fito ya koma gefe. Maigadi kuwa, wanda shi kaɗai ya sani, shi ne ma mai miƙa masa abinci, ya sunkuyar da kai.

A ranar Almakashi ya kai Baba gidansa. Matarsa ta daɗe tana kallon tsohon kafin ta gane shi, sannan ta juya tana share hawaye, ta kwashe buhunan gawayi daga ɗakin zaure, ta shimfiɗa masa katifa. Nan ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa bayan damina.

An rushe ɗakin bayan tankin, an shuka ciyawa a wurin, an kafa lilon yara. Har yau in ban ruwan wajen ya faɗo kan Almakashi, sai ya roƙi wani su yi musanya.