Yayana da Agogon Babban Otal

Yayana mai gyaran agogo ne. Ni aka sa makarantar mishan, shi kuwa aka kai shi rumfar wani tsoho ya koyi kwance agogo da mayarwa. Abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne babban agogon da ke saman ƙofar tsohon otal ɗin tsakiyar birni. Kowane mako yakan bi ta ƙofar baya, ya hau matakalar ƙarfe da 'yar kwalbar mai a aljihu, ya wana agogon da makulli, ya share ƙura. Haka ya yi har gwiwa ta ƙi hawa, aka sallame shi da godiya, muka koma garinmu tare. Bai taɓa ganin wanda ya gaje shi ba, amma ya tsane shi. "Wancan" yake ce masa.

Ni ma ina da nawa ciwon game da otal ɗin. A makaranta an koya mana riƙe wuƙa da cokali mai yatsu, malaminmu yana cewa wata rana a irin wannan wuri za mu ci abinci. Na yi aikin akawu har na tsufa, ban wuce bakin ƙofarsa ba.

Bara 'yarsa, wadda ke aiki a birnin, ta nema masa likitan gwiwa, ta ce in raka shi. Ɗakinta ɗaya ne, don haka ta ce za ta kama mana masauki.

"Baba, ku zaɓa," in ji ta. "Ko babban otal ɗinku, ko ƙaramin masaukin da ke tsallaken titi."

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Na tsallaken titi. Ɗakin sama, mai taga ta gaba."

"Haba Yaya! Da wannan gwiwar?"

"Akawu, gwiwarka ce?"

Katifar masaukin ta fi tabarma kaɗan. Fankar tana kuka kamar an taka ta, a banɗaki kuma bokiti ne da kofi. Daga tagar ina hangen fararen teburori a barandar otal, da mutanen da ba su ma san yadda ake riƙe cokali ba, ana zuba musu shayi. Raina ya yi ta suya.

Yaya bai kalli teburorin ba. Ya ja kujera bakin taga, ya ciro agogon aljihunsa, ya dubi nasa, ya dubi na otal. Sai a lokacin na gane: ya zo ne ya kama Wancan da laifi.

"Bari ka gani," ya ce. "In rana ta yi zafi agogon nan yakan ja baya. Ni kaɗai na san maganinsa."

Rana ta yi zafi, agogo bai ja baya ba. Muka je asibiti muka dawo, yana nan daidai. Kwanaki suka wuce, Yaya ya daina cin abinci sosai, ya daina tsokanata.

"Ashe hannunsa ya fi nawa," ya ce a hankali.

Ranar da za mu tafi ya kasa haƙuri. Ya ɗingisa ya tsallaka titi, ina biye, ya tsaya gaban mai tsaron ƙofa.

"Ɗana, wa ke wana agogon nan yanzu?"

"Wanawa, Baba? Ai ba a wana shi. Tun da tsohon mai gyaransa ya bari aka rasa wanda zai iya, sai aka sa masa na lantarki."

Yaya ya yi dariya har da riƙe ƙarfen ƙofa.

"Ka ji, Akawu? Babu wani Wancan! Waya ce kawai!" Ya gyara hula, ya leƙa cikin zauren. "To, yanzu kam sai mu kwana a nan."

Motar 'yarsa ta riga ta tsaya a bayanmu, kayanmu a ciki. Na shiga na zauna. Shi kuwa har muka fita daga birnin yana waige.