Maganar da Na Faɗa wa Kawun Amarya a Kan Keke

A shekarun da nake ba da labari, ni saurayi ne a wani ƙauye ta wajen Kuyello, inda iyayenmu suka zo noma daga kudancin Kaduna. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ni ke jan waƙa a majami'armu mai rufin ciyawa, abokina da muka tashi tare kuma shi ke kaɗa tulu. Lokacin daji bai zama abin tsoro ba. Mukan shiga neman zuma da ɗinya, mu dawo muna rera waƙoƙin Lahadi, maƙwabtanmu Musulmi suna tsokanata wai muryata ta fi gwangwani korar tsuntsaye daga dawa.

Sai abokina ya samu yarinya ta wajen Saminaka, mahaifinta kuma ya ce zai ba shi gona a can. Da fasto ya fara sanarwar auren, ya ce duk wanda ya san dalilin da zai hana ya tashi ya faɗa a gaban jama'a, na yi shiru kamar kowa. Amma raina bai so ba. Na girme shi, ba ni da ko budurwa, ga shi zai tafi ya bar ni. Ranar kasuwa na goyo kawun yarinyar, wanda ke noma a wani ƙauye kusa da namu, a kan kekena, a hanya na ce masa abokina yana da farfaɗiya, na roƙe shi kada ya ambaci sunana. Gaskiyar kuwa sau ɗaya ya taɓa faɗuwa a gona, shi ma zazzaɓi ne ya kayar da shi. Kafin sanarwa ta ƙarshe dangin yarinyar suka janye ba tare da faɗin dalili ba. Ni ne na zauna ina rarrashinsa, ina ce masa haka Allah ya so. Bai yi aure ba sai da furfura ta fara fito masa.

Da 'yan bindiga suka tashe mu, mutanen ƙauyuka da yawa muka koma cikin garin Birnin Gwari. Wata Lahadi bayan sujada muna zaune a gindin mangwaro, sai ga kawun nan, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Yana jin muryata ya kama hannuna, ya shiga gaya wa mutane cewa ga ɗan kirkin da ya ceci 'yarsu daga auren mai farfaɗiya, har gobe yana sa mini albarka. Bai san abokin nawa ne ke zaune kusa da ni ba. Abokina bai ɗaga murya ba. A hankali ya tambaye ni ko shi ake nufi, na amsa cewa shi ne.

Na je gidansa na durƙusa. Ya ce ya yafe, don shi ma Almasihu ya yafe masa, amma in dakata da kiransa aboki. Yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Tun muna yara ake koya mana cewa babu ɓoyayyen da ba zai fito fili ba, na ɗauka sai ranar shari'a. 'Yan'uwana masu karatu, duk maganar da ba za ku iya faɗa a gaban mai ita ba, ku haɗiye ta. Ni na daɗe ina tsoron maƙiyi ne zai tona mini asiri, ashe mai sa mini albarka ne.